Dogon hutu ya ƙarato, ina za mu kai yara su koyi wasan kwaikwayo da zane a Zariya?

Maman_Khalifa:
Assalamu alaikum jama'ar gida, da fatan an wuni lafiya, ya ruwa. Dan Allah tambaya gare ni kuma ku yi haƙuri zan ɗan ja ta. Yarana uku, babban yana JS2, mai bi masa tana aji biyar, sai auta. Ƙarshen Yuli za a ba su dogon hutu sai Satumba, kuma duk shekara abu ɗaya ne, lesin da safe, islamiyya da yamma, tsakani kuwa in akwai wuta kartun in babu wuta a hau rigima a kan wayata. To jiya ƙanwata da ke aure a Ingila ta turo min hoton takardar wani gidan wasanni na garinsu, wai idan yara suka samu hutunsu na sati shida wurin ba ya rufuwa, da rana yara na koyon kiɗa da zane da wasan kwaikwayo, da dare manya su zo kallo, kuma tun kafin hutu an buga jadawali kowa ya san abin da za a yi ranar kaza. Wallahi abin ya tsaya min a rai. Ita 'yar tawa ba ta barin takarda ta huta, bayan littafin lissafinta duk zane ne, shi kuma Khalifa in ya kwaikwayi mai kayan miyan layinmu sai kin riƙe ciki. Shin a duk faɗin Zariya akwai inda ake irin wannan da hutu? Muna Tudun Wada amma ko Samaru ne zan iya kai su.

Ɗan_Samaru:
Wa alaikumus salam Hajiya. Tambayarki ta sosa min inda ke min ƙaiƙayi domin abin da na karanta kenan a ABU, wato Jami'ar Ahmadu Bello. Ki fara da sanin cewa gidan wasan kwaikwayo muna da shi tun tuni, yana cikin jami'a a Samaru, ɗalibai na ce masa Drama Village. Ginin ƙasa ne, ɗakuna masu zagaye da katanga ta haɗe su, fili a tsakiya kamar tsakar gidan Bahaushe. Wani Ba'amurke mai zanen gine-gine, Steven Ehrlich, shi ya tsara shi lokacin da yake koyarwa a nan a shekarun 1970, kuma a daidai lokacin ne Michael Etherton ya zo daga Zambiya aka fara koyar da dirama a 1975. Abin da nake so da wurin shi ne babu wani labule da ya raba mai wasa da mai kallo, kina zaune mai wasa zai fito ta bayanki, kina jin numfashinsa, in ya manta magana kowa ya gani. Ranar da na fara tsayawa a tsakiyar filin nan gwiwata rawa take, amma daga ranar ban ƙara jin tsoron magana gaban jama'a ba, har yau da nake aikin da ba ruwansa da dirama wannan abin nake ci.

Kuma su malaman farko ba a cikin katangar jami'a suka tsaya ba. Ɗalibai kan fita cikin Samaru da ƙauyuka irin su Bomo da Soba, su zauna da mutane su ji damuwarsu, taki ne, ruwan sha ne, rikicin gona ne, sai a haɗa wasa a kai a yi shi a dandali da Hausa, mutanen gari su tsoma baki su ce a'a ba haka ake ba, a sake. Wannan salon na wasa don ci gaban al'umma Zariya na cikin wuraren da aka san su da shi a Afirka gaba ɗaya, Farfesa Oga Steve Abah ya daɗe a kansa.

Sai dai wasannin da ake yi a wurin suna bin zangon karatu ne, na ɗalibai ne da ake ba su maki a kai, ba shirin hutun yara ba ne irin wanda ƙanwarki ta turo. Shawarata ki shiga da kanki ki je sashen wasan kwaikwayo ki tambayi ranar da 'yan aji za su nuna wasansu, ki kai yaran su gani da idonsu tukuna. Mu mutanen gari muna da wata ɗabi'a, in ba asibiti ko neman gurbin karatu ba ba ma tsallaka get ɗin nan.

Abu_Ammar:
Malama Allah ya raya mana zuri'a. Ni ban ƙi zane ko wasa mai ma'ana ba, a islamiyyarmu ma ranar walimar sauka yara kan yi ɗan wasa a kan gaskiya da riƙon amana kuma iyaye na jin daɗi. Amma a matsayina na uba sai na san abu uku kafin in saki ɗana: wa zai koyar, maza da mata a haɗe ne ko a rabe, sannan in lokacin sallah ya yi ana tsayawa ko ba a tsayawa. Maganar kiɗa kuwa kin san malamai sun yi bayani a kai kuma gidaje da yawa a garin nan ba za su yarda ba, to duk mai son shirya abu irin wannan a Zariya kada ya ɗaure komai a dami guda, wanda ke son zane kawai a bar shi ya yi zanensa. Kuma kada ya ci lokacin hadda, da yawanmu hutun nan muke jira yaro ya ƙara izu ɗaya ko biyu.

Gwaggo_ta_Birni:
'Yata sannu da ƙoƙari. Jikata ce ke rubuta min, ni ina faɗa. Ni a Ƙofar Kuyambana na tashi kuma abin da nake so ki lura da shi, su Turawa lokacin zafinsu shi ne lokacin sakewarsu, rana ta daɗe ba ta faɗi ba sanyi ya tafi shi ya sa suke cika shi da wasanni. Mu kuwa dogon hutun boko a tsakiyar damina yake faɗowa, watan Agusta marka ce, ruwa ya wuni yana zuba, manoma na gona, hatsin bara ya ja baya a rumbu. Lokacin wasanmu na gado kaka ne, in an kawar da amfanin gona a yi kalankuwa, samari da 'yan mata su yi ado, a yi dambe a yi kokawa makaɗa su samu abin sawa a aljihu. Sai kuma azumi, in ya kai goma yara su fito tashe, wannan ya shafa gawayi wannan ya cusa tsumma a riga ya zama mai tumbi, gida gida ana ba su hatsi ko 'yan kwabbai. To ki gaya min wannan ba wasan kwaikwayo ba ne? Babu wanda ya kai mu wata makaranta, a dandali muka koyi gaɗa da farin wata, a ɗakin kakata muka koyi tatsuniya, shantu kuwa a wurin yayyenmu mata in ana biki, haka kiɗan ƙwarya, ki kifa ƙwarya a kan ruwa ki samu 'yan sanduna shi kenan.

Abin da ya canza shi ne dandalin ya tafi. Inda muke gaɗa yanzu shaguna ne, kuma ba uwar da za ta bar 'yarta a waje bayan isha'i a wannan zamani, ni ma ba zan bari ba. Saboda haka ni ban ga laifin a samu wuri mai rufi da rana a tara yara ba, ko don ruwan nan. Amma in za ku yi don Allah ku nemi tsofaffi mu zo mu ba su tatsuniya da kacici-kacici tun muna da sauran numfashi, kada a tara su a koya musu rawar da suke gani a waya, wannan sun riga sun iya.

Mai_Burushi:
Anti Maman Khalifa ni maganar mai zanen nan ce ta sa na shigo. Dan Allah kada a ce mata tana ɓata littafi, ki saya mata nata littafin zane daban da fensir mai taushi irin 2B ko 4B, ba su da wani tsada, shagunan kayan karatu na Samaru suna da su saboda ɗalibai. Garin da take zaune ba ƙaramin gari ba ne a harkar zane. A 1958 wasu ɗalibai a tsohuwar kwalejin da ta zama ABU a 1962 suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya, cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, abin da suka tsaya a kai shi ne su karɓi dabarar da malamansu Turawa ke koya musu amma su zana abin gida da idon gida, kuma har yau duk wanda zai ba da tarihin zanen zamani a Najeriya dole ya biyo ta Zariya. Ki kai ta sashen zane ta zaga wurin da ɗalibai ke jera mutum-mutumi da sassaƙe-sassaƙensu a fili, in kuma gidanku ba a son zanen mai rai kamar yadda na san Malam Abu Ammar zai ce, to ai ba a rasa abin yi ba. Ku shiga birni ta ga masu aikin babbar riga yadda suke fara zana aska takwas a kan yadi kafin allura ta taɓa shi, ta ga zanen da magina ke yi a fuskar soraye, ta ga zayyanar allo ta masu sauka. Tsohon masallacin Juma'a na ƙofar fada ma Babban Gwani Muhammadu Durugu ne ya gina shi da ƙasa tun ƙarni na 19, masu karatun gine-gine daga ƙasashen waje sun yi ta rubutu a kan bakan gizonsa. Yaro in ya ga waɗannan ya san cewa abin da hannunsa ke so sana'a ce mai daraja.

Ni in an samu wuri zan iya ba da safiyar Asabar kyauta, yumɓu kuwa da damina ba ya wuya, sai dai bushewarsa ce ke ɗaukar kwanaki.

Ɗan_Samaru:
Gwaggo Allah ya ƙara girma, maganarki ta kaka da damina ban taɓa kallon abin ta nan ba. Malam Abu Ammar sharuɗɗanka duk masu yiwuwa ne. Mun taɓa gwada irin wannan ni da abokaina biyu a wata makarantar kuɗi da ba zan kira suna ba, abin da ya kayar da mu ba rashin yara ba ne, yara sun zo har sun fi ƙarfinmu. Mun dogara da lasifika da janareto, kuɗin mai ya cinye ɗan abin da iyaye suka bayar, sannan muka sa ranar nuna wasa da yamma a fili, hadari ya haɗo ƙarfe huɗu kowa ya watse, yaran da suka yi sati uku suna atisaye suka koma gida da kuka, abin ya daɗe yana damuna. In zan sake yi, aji biyu kawai nake buƙata a wata makaranta da ke rufe da hutu, daga goma na safe zuwa azahar, kwana uku a sati, ba lasifika ba janareto, yaro ya koyi ɗaga murya da kansa wanda shi ne darasin farko ma a dirama. Yara ashirin sun isa. Labarin wasan kuma su yaran za su kawo shi daga unguwarsu, layin ɗiban ruwa ne ko kwata da ta toshe ko rigimar 'yan ƙwallo, ba sai an ba su takarda su haddace ba.

Game da kiɗa, wanda iyayensa suka yarda, akwai makaɗan kalangu da masu algaita da kakaki a garin nan da muke gani duk hawan sallah da hawan daushe, a gayyato ɗaya ya zo ya nuna musu yadda ake matse tsarkiyar kalangu a hammata murya ta hau ta sauka har ganga ta kira sunan mutum. Jami'ar nan ta ba marigayi Mamman Shata digirin girmamawa a 1988, amma yaranmu da yawa ba su taɓa riƙe kalangu a hannu ba. Ranar da za a yi wannan a sanar tun da wuri, wanda ba ya so ya riƙe ɗansa a gida ba tare da an ga laifinsa ba.

Maman_Khalifa:
Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, ban zaci zan samu amsa haka ba. Gwaggo in Allah ya yarda ke za mu fara ɗaukowa, ni zan biya kuɗin Keke. Na yi magana da Baban Khalifa ya ce in dai da rana ne kuma a rabe maza da mata ba shi da matsala, har ya ce zai tuntuɓi wani amininsa mai makaranta a nan kusa da mu ko zai ara mana aji biyu. Maƙwabciyata ma ta ce a sa nata biyu. Malam Ɗan Samaru da Mai Burushi dan Allah ku turo min saƙo ta ciki mu tsayar da rana, ni Asabar ko Lahadi bayan la'asar duk daidai ne, sai ku rubuto min abin da za a saya na zanen in duba kafin a yi hutu.

Abu_Ammar:
In an tsayar a sanar da ni. Zan kawo tabarmi da butoci saboda azahar, kuma nawa ɗaya zai zo ajin zane.