Neman shawara: hannun jarina, fansho, da cacar farashin da ake kwaɗaita min

Mai tambaya, Bamingham:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah ina neman shawarar waɗanda suka san harkar kuɗi a nan Ingila. Shekarata 41, da mata da yara uku, albashina fam 56,000 a shekara kafin a cire haraji. A 2020, da kasuwa ta faɗi saboda korona, na sayi hannun jarin wasu kamfanoni na fam 9,000 a asusu na gama-gari, ba cikin ISA ba, wato asusun ajiya da zuba jari da ba a cire wa haraji. Yau sun kai fam 18,000. Ina so in sayar, amma harajin riba nake gudu.

Wani abokin aikina ya ce wahalar da kaina nake yi, in koma sifred-betin, wato ka sa kuɗi a kan cewa farashi zai hau ko zai sauka ba tare da ka sayi komai ba. Ya ce ko nawa ka ci, hukumar haraji ba ta taɓa maka ko sisi. Har wayarsa ya nuna min, fam 700 cikin kwana biyu. Sannan ina tunanin fita daga fanshon wurin aiki, tunda niyyata in koma Kano nan da shekara goma, kuma an ce ba zan taɓa kuɗin ba sai na kai 57. Me kuka gani? Allah Ya saka da alheri.

Yaya mai aikin akanta, Landan:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, bari in fara da harajin, don shi ne ya tsorata ka, kuma shi ne mafi sauƙi a cikin ukun.

Ribarka fam 9,000 ce. Kowane mutum yana da fam 3,000 na riba a shekara da ba a cajinsa komai. Da fam 12,300 ne, aka mayar da shi 6,000 a Afrilun 2023, sannan 3,000 a Afrilun 2024, shi ya sa mutane irinka da ba su taɓa damuwa ba yanzu abin ya iso kansu. In ka sayar da komai rana ɗaya, saura 6,000 za a caje ka kashi 24 cikin 100, tunda albashinka ya haura fam 50,270. Fam 1,440 ke nan. Wannan shi ne mafi munin abin da zai faru.

Amma ba dole ka biya ba. Abin da miji ya ba matarsa da suke zaune tare babu harajin riba a kansa, kuma ita ma tana da nata 3,000. Ka mayar mata da kashi ɗaya cikin uku. Kafin 5 ga Afrilu kai ka sayar da kashi ɗaya, ita ta sayar da nata. Daga 6 ga Afrilu sabuwar shekarar haraji ta shiga, ka sayar da ragowar. Riba ta fita 3,000 sau uku, babu abin biya. In kamfanonin ba daidai suka hau ba, sai ka zauna da takardun sayenka ka raba da lissafi, ribar ake kallo ba yawan hannun jarin ba.

Idan kuma kana son kamfanonin, ka sake sayensu nan take a cikin ISA. Fam 20,000 aka yarda kowa ya zuba a shekara, kuma duk abin da ke ciki babu haraji a kan ribar sayarwa ko ribar da kamfani ke rabawa. Wannan ta biyun ma ka kula da ita, don a wajen ISA fam 500 kacal ake yafewa a shekara. Kar dai ka sayar ka sake saye a tsohon asusun cikin kwana 30, hukumar haraji, HMRC, za ta haɗa sayarwar da sabon sayen, dabarar ta lalace.

Hajiya, Lesta:
Ƙanina, abin da Yaya ya faɗa daidai ne, amma ka ji da kyau: in ka ba maman yara, ya zama nata. Ba ajiya ba ce, ba aro ba ne. Ku zauna ku yi magana tun kafin a cike takarda.

Maganar cacar nan kuwa, ina roƙonka da girman Allah ka bar ta. Ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya ya yi ta. Watan farko ya ci, har ya saya wa yara kekuna. Daga baya sai ya zama mutum ba ya cin abinci sai waya na gefen faranti, ja da kore suna ta motsi. Da azumi ina gidansu, ana sahur, saƙo ya shigo cewa ya ƙara kuɗi ko a rufe masa ciniki. Na ga hannunsa yana rawa yana tura kuɗin hayar gida. Bai faɗa wa matarsa ba sai da mai gida ya aiko da takarda. Abokin aikinka ya nuna maka kwana biyu. Ka ce ya nuna maka lissafin shekara guda cur, tun daga ranar da ya buɗe asusun.

Wani ɗan'uwa, Manchesta:
Hajiya Allah Ya mayar masa da alheri, amma a yi adalci. Abin nan halastacce ne a dokar ƙasa, hukumar kula da harkokin kuɗi, FCA, ke sa ido a kai. Tun 2019 ba za a bi ƙaramin mai ciniki bashin fiye da abin da ke asusunsa ba. Ni ina taɓawa da ɗan abin da ba zai dame ni ba, kuma ina sa iyakar asara. Matsalar mutane haɗama ce.

Yaya mai aikin akanta, Landan:
Gaskiya ne akwai wannan kariyar, an kawo ta ne bayan irin abin da ya faru a Janairun 2015, da babban bankin Suwizalan ya daina riƙe darajar kuɗin ƙasar ba zato, mutane suka wayi gari da bashin da ya ninka jarinsu. Amma kariyar ba ta hana asusun ya ƙone ƙurmus.

Ga yadda abin yake. Mu ɗauka ma'aunin FTSE 100, na farashin hannun jarin manyan kamfanoni 100 a kasuwar Landan, yana kan maki 8,000, ka sa fam 10 a kan kowane maki cewa zai hau. Kamar ka riƙe kayan fam 80,000 ne, alhali abin da za su nemi ka ajiye kashi 5 ne cikin 100, fam 4,000. Kasuwa ta sauka da kashi 2 kawai, abin da kan faru a yini ɗaya, maki 160 ke nan, fam 1,600 sun tafi. Ya fi harajin da mai tambaya ke gudu. Kuma tun kafin farashi ya motsa kana cikin asara, saboda tazarar da ke tsakanin farashin saye da na sayarwa ita ce ribar kamfanin.

Dokar ta tilasta wa kowane kamfani ya rubuta a shafinsa kason masu asusun da ke tafka asara. Mai tambaya ya buɗe guda uku ya karanta da idonsa, zai ga mafi yawa asara suke yi. Sannan rashin harajin yana da ɗaya fuskar: tunda ba a cajin riba, asarar ma ba a lissafa maka ita. A hannun jari na gaske, in ka yi asara ka sanar da HMRC, za a rage maka ita daga ribar wata shekarar. A nan kuwa ta tafi ke nan.

Malam, Bamingham:
Assalamu alaikum. Ni ba masanin kasuwa ba ne, amma na karanta bayanin Yaya sau biyu. Babu abin da aka saya, babu abin da aka mallaka, abin da ɗaya ya ci shi ɗayan ya rasa, kuma duk ya rataya ne a kan abin da ba a san yadda zai kasance ba. Hukumar haraji kanta ba ta caji ne don ta ɗauke shi caca. Aya ta 90 a Suratul Ma'ida a fili take a kan caca. Ƙari a kan haka, wanda ya bar cinikinsa ya kwana a buɗe ana cire masa kuɗin ruwa kowane dare. Ɗan'uwanmu na Manchesta, ƙanƙantar kuɗin ba ta canza hukuncin. Ina faɗa maka ne don ina ƙaunarka.

Mai tambaya kuma ya duba kamfanonin da yake riƙe da su, me suke sayarwa, nawa bashin ruwa ke kansu. Kar ya manta da zakka.

Anti, ma'aikaciyar jinya, Gilasgo:
Kowa ya tafi kan caca an bar fansho, ni kuwa nan ne hankalina ya fi tashi. Ɗana, kar ka fita. Doka ta ce mai aikinka ya zuba maka aƙalla kashi 3 cikin 100 na albashin da ke tsakanin fam 6,240 da 50,270. A wurinka kusan fam 1,320 ke nan duk shekara, wasu wuraren ma sun fi haka. Ranar da ka fita, ka yafe masa. Kuma komawa Kano ba ta cinye fansho, kuɗin naka ne, suna nan suna jiranka. Shekara goma nan gaba kana 51, saura shida. Na ga dattawanmu da suka koma gida da jari, kasuwa ta juya, darajar naira ta zube, abin da ya riƙe su shi ne ɗan fam ɗin da ke shigowa duk wata.

In ruwa kake tsoro, ka tambayi ofishinku ko akwai asusun da ya dace da shari'a. NEST, tsarin fanshon wurin aiki da gwamnati ta kafa, na da shi, wasu ma suna da shi, sauyawa kawai za ka yi.

Abu ɗaya da ya kamata ka sani tun yanzu: fanshon gwamnati daban ne. Sai ka yi shekara 10 kana biyan inshorar ƙasa kafin ka samu wani abu, 35 kafin ka samu cikakke, kuma wanda ke zaune a Najeriya ba a yi masa ƙarin shekara-shekara, inda ya fara nan zai tsaya. Wannan ma dalili ne na riƙe na wurin aikin da kyau.

Yaya mai aikin akanta, Landan:
Anti ta gama magana. In ƙara ɗaya: fam 5,730 na saman albashinka kashi 40 ake cire musu. In ka zuba fam 80 a fansho na kanka, SIPP, gwamnati ta cika shi 100, ka kuma nemi wasu 20 su dawo maka. Fam 100 a kan 60. Amma ban ce ka kwashe 18,000 ɗin duka ka kulle ba. Mai shirin komawa gida yana buƙatar kuɗin da hannunsa zai kai, ISA ce wurinsu. Ka kuma ware kuɗin kashewa na wata uku zuwa shida saboda larura.

Mai tambaya, Bamingham:
Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Malam na ji, Hajiya Allah Ya sassauta wa ƙanenki. Caca na bar ta, fansho zan zauna a ciki, kuma daren nan zan yi magana da maman yara. Tambaya ɗaya ta rage, Yaya: in na koma Kano, ya ISA ɗin za ta kasance?

Yaya mai aikin akanta, Landan:
Ba za a rufe ta ba, kuma Ingila ba za ta caje ka haraji a kanta ba. Sabon zubi ne ba za ka iya yi ba bayan shekarar harajin da ka tashi, kuma dole ka sanar da kamfanin cewa ka bar ƙasar. Wasunsu ba sa son riƙe asusun wanda ke zaune waje, don haka ka tambaye su wannan kafin ka buɗe. Ɓangaren harajin Najeriya kuma ka nemi masanin can idan lokacin ya matso. Yanzu dai ka fara da mayar wa madam kasonta, don sauya suna kan ɗauki makonni, kar 5 ga Afrilu ta riske ku ba a gama ba.