Shirin talabijin kan likitan dabbobi a karkara: ta ina za a fara?

Ɗan Dukku:
Assalamu alaikum. Ina rubuta wasan kwaikwayo mai dogon zango a kan wani matashin likitan dabbobi da aka tura aiki wani ƙauye kusa da makiyayar Wawa-Zange, a nan jihar Gombe. Na kammala kashi uku, amma da na sake karantawa sai na ga labarin soyayya ne kawai na rubuta, aikin likitan kuwa bai wuce rataya abin awo a wuya ba. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin: mene ne a rayuwar likitan karkara zai riƙe mai kallo, kuma yaya ake ɗaukar hoto da shanu na gaske ba tare da an cutar da su ba?

Tsohon Likita, Bauchi:
Wa alaikumus salam. Ɗana, kuskuren da nake jiye maka shi ne ka ɗauka cuta ce abokiyar gabar jaruminka, alhali abin da ya fi ba mu wahala a shekarun da na yi ina zagaya rugage shi ne samun amincewar makiyayi. Bafulatani ba ya son a ƙirga masa shanu, kuma dattawa ba su manta da zamanin jangali ba, lokacin da zuwan ma'aikacin gwamnati da littafi a hannu yake nufin haraji. Saboda haka likitan da ya isa ruga bai fara sauka wajen Arɗo ba, zai iya tarar da rabin garken an kora shi daji tun da asuba. Wannan kaɗai ya ishe ka kashi guda.

Sannan ka kira cututtuka da sunayen da masu dabbobi suke kiran su: sammore da ƙudan tsando yake kawowa, ciwon hanta da ake ɗauka a fadamu, kirci da yake tsananta da damina, sai ciwon huhu wanda ake yi wa rigakafi. Idan kana son tsoho mai tarihi a cikin wasan, ka sa wanda ya ga annobar cutar shanu ta bushiya a 1983, wadda ta bar mutane da yawa da sanda babu garke. Sai a 2011 aka bayyana cewa an kawar da ita daga duniya. Kada kuma ka manta cewa allurar rigakafin da ake sarrafawa a cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, kusa da Jos, ba ta jure zafi. Likita a kan babur da akwatin ƙanƙara, rafi ya cika ya tare hanya, rana tana ɗagawa, ƙanƙara tana narkewa: mun sha ganin haka, kuma ban taɓa ganin an nuna shi a allo ba.

Mai Kyamara:
Ranka ya daɗe likita ya gama magana kan labari, ni zan taɓa aikin ɗauka. Saniya ba ta san umarnin darakta ba, don haka jadawalin garke ne zai zama jadawalinku. Lokacinku shi ne safiya yayin tatsa, kafin a fita kiwo da hantsi, sai kuma yamma idan an dawo. Da tsakar rana farin jikin shanun Bunaji yana ƙona hoto, ko da ma an same su a gida. Ku nisanta janareta, kuma ku sa jarumin ya yi kwanaki yana zuwa rugar kafin ranar ɗauka, domin shanun su saba da shi.

Game da haihuwar da maraƙi ya gitta, wadda na san ba za ka rasa ta a rubutunka ba, kada ɗan wasa ya sa hannu a jikin dabba. A ɗauki fuskarsa daban, a ɗauki hannun likita na gaske daban ranar da larurar ta taso da kanta, sannan a haɗa wajen tacewa. Ba a yi wa lafiyayyar dabba allura ko a sa ta barci don kawai a samu hoto.

Jikar Arɗo:
Malam, ina fatan matan ruga ba za su zama masu wucewa da ƙwarya a bayan fage kawai ba. A al'adarmu shanu na maigida ne a mafi yawan lokuta, amma nono da man shanu hakkin mace ne, da su take cefane. Idan likita ya yi wa saniya allura ya ce kada a sayar da nononta sai bayan wasu kwanaki, ba maigida ya taɓa ba, uwargida ya taɓa, kuma ita ce za ta yanke ko a bi maganarsa ko a ƙi. Sannan a ruga Fulatanci ake yi. Idan kowa yana Hausar birni, mutanen Dukku da Nafaɗa za su gane tun a minti na farko cewa ba su ake nunawa ba.

Ɗan Dukku:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, maganar nonon nan ta sauya mini kashi na biyu gaba ɗaya, domin rikicin da nake nema ashe yana tsakanin likita da uwargidan Arɗo. Baba likita, idan ba za ka damu ba, zan aiko maka da rubutun ka duba wuraren aikin kafin damina ta faɗi, tunda fitowar rafin nan sai ruwa ya sauka za ta ɗauku.