Ɗanɗano Kafin Ciniki: Yadda Marubutanmu Suke Tara Masu Karatu

Mai buɗe zance, daga Garwa:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa marubuta. Na kammala littafina na farko, kuma kowa yana ba ni shawarar in saki wani ɓangare kyauta domin in tara masu karatu kafin in yanka masa farashi. Sai dai na ga waɗanda suka daɗe suna rabon shafuka, amma ranar da suka ce a biya sai kowa ya yi tsit. Ina roƙon waɗanda suka riga ni su faɗa mini abin da suka gani da idonsu.

Wata marubuciya daga Marwa:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ni babi na farko kaɗai nake zubawa a Facebook inda kowa zai gani, a ƙarshensa kuma in rubuta cewa mai son ci gaba ya yi mini magana da kansa. Wanda ya ɗauki wannan 'yar wahala shi ne mai karatuna, sauran 'yan kallo ne. Kafin in tura masa komai sai na roƙe shi ya ajiye lambata a wayarsa, domin saƙon da ake turawa mutane da yawa lokaci guda a WhatsApp ba ya isa ga wanda bai ajiye lambar ba, kuma jeri ɗaya ba ya wuce mutum 256. Bayan haka ina da littafin rubutu mai bangon kwali, wanda a ciki nake sa lambar kowa da garinsa da irin labarin da ya ce yana so. Idan na yi sabon littafi na zaman kishi, ba na damun wanda ya ce shi na tarihi yake nema.

Wurin tsayar da kyautar ma yana da muhimmanci. Ina barin mai karatu ya saba da mutanen labarin har ya zaɓi wadda yake goya wa baya, sannan in tsaya, kuma tun ranar farko nake sanar da shi cewa littafin na kuɗi ne da inda ɗanɗanon zai ƙare. Mutanenmu suna yafe tsada, amma ba sa yafe a yi musu ba-zata.

Wani malami daga Njamena:

Hajiya, littafin nan mai bangon kwali shi ne gaskiyar zancen, mu a Chadi mun shaida. Daga watan Maris na 2018 zuwa Yuli na 2019 an toshe WhatsApp da Facebook a ƙasar nan, sai wanda ya iya zagayawa ta VPN, manhajar da ke tsallake toshewar, shi ma yana kallon kuɗin intanet ɗinsa yana ƙonewa. Abokaina da suka dogara ga zauren WhatsApp kaɗai sun wayi gari ba su da hanyar isa ga kowa. Ni da yake duk wanda ya karɓi waƙoƙina kyauta na rubuta lambarsa, wasu har da adireshin imel, sai na koma ga saƙon tes, ina sanar da su shagon da na ajiye kwafin takarda. Ba duka suka zo ba, amma waɗanda suka zo su ne har yau suke fara biya.

Wani matashi daga Kusiri:

Ku gafarce ni, manyana, ni abin da na gani ya ɗan bambanta. Yawancin masu karɓar rabin littafi kyauta jira suke yi wani ya saya ya fitar da ragowar, domin da an tura wa mutum ɗaya an tura wa gari. Saboda haka na daina raba littafi gida biyu. Gajeren labari cikakke nake bayarwa, mai farko da ƙarshe, wanda ko ya yi yawo ba ni da asara tunda lambata tana ƙasan kowane shafi. Wanda ya ji daɗinsa shi yake nemana.

Akwai kuma maganar biya, wadda a nan ake rasa mutane da yawa bayan sun riga sun yarda. Mai karatu na Kamaru yana da Orange Money ko MTN Mobile Money, na ƙetaren kogin Logone, wato Chadi, yana da Airtel Money ko Moov Money, ga shi sefarmu ɗaya ce amma layukan daban, na Maiduguri kuwa naira ce a hannunsa. Sai da na sami amintacce a kowane ɓangare mai karɓa a madadina, ana turo mini shaidar biya, sannan cinikin ya tsaya da ƙafarsa.

Wata malama daga Ngaundere:

Abin da ba a ambata ba shi ne, da yawa daga cikin mutanenmu da Hausa suka tashi amma da Faransanci ko Larabci suka yi karatu, don haka rubutun boko na Hausa yana yi musu nauyi. Wata ta taɓa ce mini ta kai tsakiyar shafi idonta ya gaji. Daga nan na fara karanta babin farko da muryata ina turawa, sai ga matan da ban taɓa jin ɗuriyarsu ba suna saurare a madafa, suna tura wa 'yan'uwansu a Meiganga da Tibati. Lambobin da murya ta kawo mini sun fi na rubutu yawa nesa ba kusa ba.

Marubuciyar Marwa ta ƙara da cewa:

Ɗana na Kusiri, maganarka ta gajeren labari ta shige ni, ko da yake masu dogon labari irina ba kullum muke iya taƙaitawa ba. Abu ɗaya zan ja kunnen kowa a kai: lambar da aka ba ka amana ce, musamman ta matan aure. Kada ka jefa kowa cikin zaure ba da izininsa ba inda baƙi za su ga lambarsa, kada ka ba wani marubuci aron jerinka, wanda kuma ya ce a cire shi a cire shi nan take. Kamaru ma ta kafa dokar kare bayanan mutane a watan Disamba na 2024.

Mai buɗe zance:

Na gode, Allah ya saka da alheri. Zan rubuta gajeren labari daban in bayar cikakke, in karanta shi da murya. Malama ta Ngaundere, a dunƙule kike tura babin ko a gutsure?

Malamar Ngaundere:

A gutsure, Malam, domin dogon sauti yana ƙin sauka a inda layi ba shi da ƙarfi. Da asuba nake ɗauka, kafin masu babur su fito.