Albashin mai kamfani a Amurka: ana cire shi kafin haraji ko kuwa?

Alhaji Sani: Salamu alaikum jama'a. Ni fa har yanzu ina kan bakana, kamfani nawa ne, duk abin da na yanka wa kaina na albashi ya shiga kuɗin da kamfani ya kashe, IRS, hukumar harajin Amurka, ba su da ta cewa, ni ke buɗe shagon nan na Bronx tun asuba ni ke rufewa

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam. Alhaji ka yi haƙuri, sashe na 162 na dokar harajin Amurka cewa ya yi albashin da ya dace da aikin da aka yi da gaske ne ake cirewa kafin haraji. In C corp ne, wato kamfanin da ke biyan harajinsa daban da na mai shi, ka zabga wa kanka abin da ya wuce kima sai su ce rarar rabon riba ce, ita kuwa ba a cire ta, kamfani ya biya kashi 21 a kai, kai ma ka biya naka

Alhaji Sani: To wa ke auna dacewar? Wanda bai taɓa sayar da ko allura ba?

Malam Bashir: Nan kam ina bayan Alhaji. John Menard mai shagunan Menards an biya shi sama da dala miliyan 20 a 1998, IRS suka ce ya yi yawa, kotun haraji ta yarda da su, amma a 2009 kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hukuncin

Hajiya Rabi: Ai Malam kotu ce ta auna ba shi ba, kuma sai da aka duba girman kasuwancin da irin ribar da ya samu. Shekara nawa ya yi yana shari'a? Mu wa ke da kuɗin lauyoyin nan?

Usman: Iyayena ku bari in sa baki, yawancinmu nan S corp ne, wato kamfanin da harajin ribarsa ke hawa kan mai shi kai tsaye, kuma can matsalar a juye take, mutum ke ƙanƙanta albashinsa don gudun harajin kashi 15.3 da ake cira a albashi na Social Security da Medicare, wato fansho da inshorar lafiyar tsofaffi. Wani akanta a Iowa, David Watson, dala 24,000 ya riƙa biyan kansa a 2002 da 2003 yana kwasar sama da 175,000 da sunan riba, kotu ta mayar da albashin 91,044

Alhaji Sani: Ni rajistar shagona LLC ce, wato kamfanin da bashinsa ba ya hawa kan mai shi, ni kaɗai, ban cike wata takardar S ko C ba

Hajiya Rabi: To Alhaji kai ba ka ma da albashin da za a cire, a wajensu kai da shagon abu ɗaya ne, duk ribar a kanka ake lissafa ta ko ka ɗauka ko ka bari. Don Allah duba Schedule C ɗinka na bara, takardar harajin da ake rubuta ribar shago a ciki

Alhaji Sani: Zan ɗauko shi in an sauko Juma'a. Amma wallahi ban ga adalci ba a ce a cire na yaron shagona a ƙi cire nawa