Ya ake cewa "a'a na gode" da Japananci ba tare da an ɓata wa mutum rai ba?

Ɗalibi a Osaka:
Salam yan uwa, jiya wata tsohuwa maƙwabciyata ta ga ina fama da akwati a matakala ta zo za ta kama min, na ce mata "iie" kawai, wato a'a, sai na ga fuskarta ta canza, wallahi abin ya tsaya min a rai. Me ya kamata in ce?

Maman Twins:
Ayya, iie shi kaɗai ya yi tsauri. Fara da godiya, arigatou gozaimasu, sannan daijoubu desu, wato ba komai zan iya, kana ɗan sunkuyar da kai. Ko a kanti in sun tambaye ka leda, tunda daga Yulin 2020 saye ake yi, daijoubu desu ɗin ake cewa.

Baban Yara:
Ka yi hankali da kekkou desu, wato a'a na gode, daidai ne amma in muryarka ta bushe kamar kora ce. Ga babba irin wannan baiwar Allah gara okimochi dake de juubun desu, ma'ana niyyarki ma ta wadatar. Suna da kara irin tamu, enryo suke kiranta.

Ɗalibi a Osaka:
Na gode Baba, gobe zan kai mata ɗan tsaraba in gaishe ta.