Ƙarfina na ƙarewa bayan kilomita 28, ina neman shawara

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu gudu. Ina shirin shiga gudun fanfalaki na Legas da ake yi a watan Fabrairu, mai tsawon kilomita 42.195. A Kano nake atisaye da asuba, cikin sanyin hunturu. Duk ranar dogon gudu, da na wuce kilomita 28 sai cinyoyina su ɗaure, dole in koma tafiya. Na rage sauri, ina shan ruwa, har dabino nake ci a hanya, amma ba ta canja zani ba. Ƙarancin gishiri ne, ko abincina ne bai isa ba?

Zafin Legas mai sa gumi ma yana damuna ƙwarai, jikina bai saba da shi ba. Don Allah wanda ya taɓa zuwa daga Arewa, yaya ka shirya?