Shawarwarin kanikawa kan zafin man dizal a cunkoson Apapa

A wata tattaunawa da direbobin manyan motoci da kanikawa suka yi a Agege da ke Legas, an fi tsayawa kan abin da direbobi da yawa ba sa lura da shi, wato zafin da man dizal kansa yake ɗauka. Kanikawan sun bayyana cewa a injinan zamani famfo yana matsa mai da ƙarfi ƙwarai, sannan ragowar da nozul (bakin da ke fesa mai a cikin inji) bai fesa ba yana komawa tanki da zafi. Shi ya sa ake sa masa ɗan ƙaramin lagireto a kan bututun komawa, galibi a ƙarƙashin mota, domin iska ta sanyaya shi. Idan man ya yi zafi sai ya tsinke, ya kasa yi wa famfo da nozul aikin maiƙo, ƙarfin mota kuma ya ragu.

Shawarar da ta fi muhimmanci a ganina ita ce a riƙa wanke lakar damina da ke toshe haƙarƙarin lagireton, musamman ga mai kwana a layin shiga tashar jiragen ruwa ta Apapa, inda mota ba ta samun iskar gudu. Sun kuma ce kada a bar tanki ya kusa ƙafewa, domin mai kaɗan ya fi saurin ɗaukar zafi, kuma a sauya filta a kan lokaci.